Amanar Tsohon Wanzami

Ni ne mai laifi a wannan labari, gara in faɗa tun farko. Abin ya faru tun Turawa na mulkin ƙasar nan, amma ko yau na hangi wanzami ya ratayo zabirarsa sai gabana ya faɗi. Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har da fuskokin wasu abokaina. Wannan kuwa ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

A Batsari aka haife ni. Ina cikin yaran da aka sa makarantar elementare, na yi shekara huɗu, ban samu wucewa midil ba, na dawo gona wurin mahaifina. Abin da na fito da shi bai wuce iya karatu da rubutun boko ba, sai kuma son tambaya, wanda tun ina ƙarami ake yi mini faɗa a kansa. Duk abin da na gani sai na so in san dalilinsa. Ina da wani littafin rubutu da guntun fensir da nake fiƙewa da wuƙa. In na taso daga gona na yi la'asar, sai in zauna gindin tsamiyar ƙofar gidanmu in rubuta abin da na ji a ranar, in ƙara da abin da nake tunani a kansa. Na rubuta yadda Fulani ke gane saniyarsu cikin garke, na rubuta sunayen ciyayin da jaki ba ya ci. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda nake rubuta wa. Daɗinsa kawai nake ji. Abin da ya dagule mini a kai, in na sa shi a takarda sai in ga ya kwanta, kamar ruwan rijiya da ya jima a tulu.

Har yau ban ga aibin wannan ba. Aibin yana wurin da na kai shi.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai hankalina ya koma kan zanen fuska. Ranar kasuwa mutane kan zo daga Ruma, da Darini, da Karare, har da Safana, sai in tsaya ina kallon kumatunsu. Wannan bille gare shi, wancan 'yar baka, wani kuma zanensa ya taso daga baki har kunne. Nakan zana fuskar a littafina in bar fili a ƙasa, don in rubuta ko mutanen ina ne. Da filayen suka yi yawa, sai na ga ba inda zan samu amsa sai wurin wanzamin gidanmu.

A lokacin kowane gida da wanzaminsa, kuma gado ne. Ranar suna shi zai yi wa jariri aski, ya cire masa beli, ya yi masa zanen gidansu. Yana shiga inda baƙo ba ya shiga, yana ganin abin da maƙwabci ba ya gani. Saboda haka ba kaifin aska kaɗai ke sa a riƙe wanzami ba, har da nauyin bakinsa. Namu tsoho ne tukuf, shi ya yi wa mahaifina zane, shi ya yi mini, kuma gidajen da yake riƙe da su sun kai har ƙauyuka. Wasan jika da kaka muke yi da shi.

"Kai ɗan boko, yau kuma mi ka zo sata?" Haka yake tarbata.

"Baba, ilimi na zo nema."

"Da wannan tsinken? Mu da ranƙwashi aka koya mana. Matso in fara ba ka guda, in ya shiga sai mu ci gaba."

Rani guda na yi ina zama a rumfarsa ta gefen kasuwa. Yana aski ko yana kafa ƙaho, ni ina gefe, in mutum ya tashi ya tafi sai ya ce mini, wannan kakanninsa daga yamma suka zo, wancan zanen maƙera ne. Abin da kowa ya sani yake faɗa mini, amma ni sabo ne a wurina. Na lura yana jin daɗin zaman. 'Ya'yansa aikin kawai suka ɗauka, ba mai tambayarsa labarin da.

Wata rana da damina na same shi a zaurensa yana yi wa wani dattijo aski. Na san dattijon, mutumin Karare ne, babban ɗa a wani babban gida. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gandu, ƙannensa na noma a ƙarƙashinsa, shi ke buɗe rumbu ya raba hatsi. Mutum ne mai sanyin magana. Da aka gama ya yi sallama ya hau jakinsa, bai jima da tafiya ba ruwa ya sauko, ya tsare ni da tsohon a zaure.

Na ce, "Baba, duk 'yan gidan nan na ga zanensu, amma ba wanda nasa ya fita kamar na wannan dattijo."

Ya yi murmushi yana goge aska. "Aikina na farko ke nan. A tsakiyar daji na yi shi."

"Daji kuma? Me ya kai suna daji?"

Ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Na sake tambaya. Na san halina, in na kama tambaya ba na saki, sai na ga ƙarshenta. Can ya ce, "Rufe littafin nan." Na rufe. "Sa shi ƙarƙashin cinyarka." Na sa.

Ya ce zamanin hare-hare ne, kafin zuwan Turawa. Mai gidan nan na Karare na wancan lokacin ya kwashi iyalinsa ya ɓuya cikin dajin Ruma, su wanzamai suna tare da shi. Yana da bawa da baiwa, mata da miji. Bawan ya mutu a hanya. Baiwar ta haifi ɗa namiji a dajin, kwana biyu ita ma ta cika. A satin nan kuma matar mai gidan ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Sai ta ɗauki marayan ta ba shi nono. Ran kwana bakwai mai gidan ya kira shi tsohon nan, a lokacin saurayi ne, mahaifinsa na kwance ba lafiya. Ya ce masa, "Yi wa yaron nan zanen gidana. Daga yau ɗana ne, kuma duk wanda ya faɗi wani abu ban yafe ba." Da ƙasa ta lafa suka koma gida, kowa ya ga mace da goyo, ba wanda ya tambaya.

"Waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya," in ji tsohon. "Saura ni. Shi kansa bai sani ba. Wannan na cikinka ne, ɗan nan, ba na takarda ba. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ruwa na ɗaukewa na nufi gida, ko rigata ban sake ba na zauna na rubuta shi duka. Na gaya wa kaina don kada in manta ne. Na gaya wa kaina ai ban sa suna ba. Gaskiyar ita ce, ban taɓa samun labari mai daɗinsa ba, kuma na kasa haƙurin in bar shi ba a littafina ba. Nan na fara cin amanar, ba ranar da na karanta ba.

Watanni suka wuce, aka cire gyaɗa, kasuwa ta cika. Mu samari wurin zamanmu tukubar wani mai tsire ce. Ranar nan sai ga wani da muka yi elementare tare. Shi ya wuce midil, ya zama malamin En'e, wato ma'aikacin hukumar sarki, ya zo a kan keke da farar riga. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk lokacin da na gan shi sai in ji ina yi masa hassada. Ya hangi littafin a aljihuna, ya ce in ba shi ya gani. Na buɗe masa wurin fuskokin.

Ya yi dariya. "Yanzu kai duk karatun da aka yi mana, a kan kumatun mutane ya ƙare? Mene ne abin rubutawa a nan? Ko makaho ya shafa zane ya san gidan mutum. Zane ba ya ƙarya."

Wani ya ce, "Ku bar shi, so yake ya gaji zabira." Aka kwashe da dariya.

Da na yi dariyar tare da su, da shi ke nan. Amma ban yi ba. Na ce, "Zane na ƙarya."

"Kawo shaida, malam mai fensir."

Na karɓi littafina na buɗe shafin, na miƙe tsaye don kowa ya ji, na karanta. Ban faɗi suna ba, amma na ce babban gida a Karare, na ce babban ɗan gidan, na ce dajin Ruma. A ƙasarmu wannan ya fi suna. Ina cikin karatu na ga mai tsiren ya daina fifita wuta. Ya ce, "Kai, ya isa haka. Rufe bakinka." Ban rufe ba sai da na kai aya, don ina son in ga fuskar malamin En'e. Na kuwa gan ta, dariya ta ɗauke masa. Daɗin da na ji bai kai tsawon shan ruwa ba.

A bayana akwai wani mutum tsaye yana jiran a naɗe masa tsire. Ƙanen dattijon ne, wanda kowa ya san ya daɗe yana son a raba gandu yayan ya hana. Ya matso a hankali ya ce, "Samari, wa ya ba ka wannan labari?"

Na rufe littafin na sa a aljihu. Hakan bai amfana komai ba, duk kasuwa ta san rumfar da na yi rani a cikinta.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta gama ƙauyuka. Mahaifina ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, yana faɗa ba ya kallona. Dattijon ya zo wurin wanzami da kansa, ya zauna a inda ya saba zama in za a yi masa aski, ya ce, "Baba, kai ka yi mini zane. Ɗan wa nake?"

Tsohon ya ce, "Ɗan wanda ya yanka maka rago."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Daga nan tsohon bai ƙara cewa komai ba. Ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai ƙara karya alkawari ba. Dattijon ya jira har ya gaji, ya tashi ya hau jakinsa.

Ba a je gaban alƙali ba, ba a ma yi hayaniya ba. Ƙannen dai suka daina zuwa gaishe shi da safe. Ranar buɗe rumbu ya fito ya tarar an riga an buɗe. Matan gidan suka fara yi wa matansa habaici a bakin rijiya. Bai yi jayayya da kowa ba. Kafin ruwan farko ya ɗaure kayansa, ya kwashi iyalinsa ya koma wani ƙauye kusa da Safana. Mutumin da ya haura hamsin ya koma saran sabon daji kamar saurayi.

Shi kuwa tsohon wanzami, gidajensa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage shi. Sai dai ka ji an yi haihuwa a unguwa, ranar suna ka ga wanzami daga Darini. Kowane gida yana da abin da ba ya so a ji, kowa kuma ya ce wanda ya faɗi na Karare zai faɗi nasa. Rumfarsa ta kasuwa ta koma sai baƙin da ba su san labari ba. Mahaifina kaɗai ya ci gaba da kai masa kansa, ko gashin bai taru ba.

Mahaifina ya ce in je in ba shi haƙuri. Na je, amma ba haƙuri na bayar ba. Na same shi a zaure yana wasa askar da ba wanda za a yi wa aiki da ita. Bai kira ni ɗan boko ba. Ya amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Na ce, "Baba, ai ban faɗi suna ba. Kuma abin da na karanta gaskiya ne."

Ya ce, "Gaskiya ne. Aska ma tana da kyau, amma ba ko'ina ake ɗora ta ba." Ya gwada kaifin a bayan hannunsa. "Shekara hamsin da ɗoriya maganar nan na cikina ba ta fita ba. Takardarka ko shekara ba ta riƙe ta ba. Amma kada ka ɗauki laifin kai kaɗai. Ni ne tsohon banza, na ji daɗi an zauna ana saurarena."

Maimakon wannan magana ta karya mini zuciya, sai na riƙe ta hujja. Na fita ina cewa ai shi ma ya yarda da laifinsa. Shekara uku ina zagaye lungunsu, in zan je kasuwa sai in bi ta bayan masallaci. Na yi aure a cikin shekarun, aka haifa mini ɗa, na bar mahaifina ya je kiran tsohon don ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ya zo ya yi aikinsa, ya yi wa yaron addu'a, ya tafi. Kullum ina cewa gobe zan je.

Wata safiya aka ce ya rasu. Muna dawowa daga maƙabarta mahaifina ya rage tafiya har muka rage mu biyu a baya. Ya ce, "Wannan ya tafi ba ka roƙe shi ba, sai dai ku haɗu can. Saura ɗaya yana da rai. In ka ga dama shi ma ka jira."

Kwana uku bayan haka na kama hanyar Safana a ƙasa. Na yi tambaya aka nuna mini ƙauyen, aka nuna mini gidan, dangar kara ce da ɗakuna uku. Dattijon yana zaune a inuwa yana tufkar igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na yi sallama, na tuɓe takalmi na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa a wajenmu, ya tambayi mutanen gida. Ya sa aka kawo mini ruwa da fura. Sai da na sha ya dubi zanen fuskata da kyau, ya faɗi gidanmu.

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To, ashe wani lokacin zanen na faɗin gaskiya." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. "Kai ne mai littafin."

"Ni ne."

"Ya tsohon?"

Na faɗa masa. Ya ajiye igiyar ya yi salati, ya daɗe yana yi masa addu'a. Na ɗauka zai fara faɗa, na ma shirya wa zagi, da zagin ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, a hankali, "Wadda ta shayar da ni uwata ce, wannan ba mai canza shi. Kullum ina yi mata addu'a da sunanta. Amma akwai wadda ta bar duniya saboda haihuwata. Shekara uku ina ɗaga hannu in roƙa mata gafara, in na zo wurin suna sai in tsaya. Na yi niyyar in koma wurin tsohon in tambaye shi, zuciya ta hana ni. Yanzu ka ce ya tafi." Ya matso kusa da ni. "Kai da aka ce komai ka ji sai ka rubuta, mi ne sunanta?"

Na cika shafi da shafi da tsawon zane da yawan tsaga. Na rubuta dajin, na rubuta abin da mai gidan ya ce kalma da kalma. Ni mai tambayar da ba ta ƙarewa, ban taɓa tambayar sunan matar nan ba. Ko a raina bai zo ba. A wurina ita baiwa ce a cikin labari mai daɗi.

Na ce, "Ban tambaya ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Ban daina rubutu ba, ga shi ma kuna karantawa, bayan duk waɗanda abin ya shafa sun daɗe da rasuwa. Son sani ba laifi ba ne, kuma zama da takarda ya koya mini abubuwa da yawa game da kaina. Amma na koyi cewa abin da mutum ya faɗa maka bai zama naka ba don ka iya rubuta shi. Takarda ba ta da kunya, ba ta san gaban wanda za ta yi shiru ba, mai ita ne zai yi mata. Kuma wanda yake son labarin mutane fiye da mutanen, zai tambayi komai ya bar abin da ya kamata.

A ranar dai ban iya tsara wannan duka ba. Abin da na iya shi ne na sauka daga tabarmar da ya ba ni, na durƙusa a ƙasa, na ce:

"Baba, an ba ni amana na ci, don kawai a ce na fi wani sani. Ni na raba ka da gidanku. Ni na zubar wa tsohon nan mutunci, har ya mutu ban roƙe shi ba. Abu ɗaya da kake nema a wurina kuma ba ni da shi. Ban zo da hujja ba, ba ni kuma da abin da zan mayar maka. Don girman Allah ka yafe mini."